Fatiha Biyu, Takarda Ɗaya

Ni tela ne, kuma abin da zan ba da labarinsa da kan tela na yi shi, don haka kada a nemi dabarar 'yan boko a ciki. Shagona yana Nima, a bakin hanyar da ke gangarawa babbar gota, rumfar kwano ce mai keke ɗaya da benci biyu. A Ankara aka haife ni, wato Akra, don da wancan sunan iyayenmu suka san garin. Wannan haihuwa ce ta ba ni ƙuri'a tun Turawa ba su tafi ba, ita ce kuma ta sa nake ganin na fi tsofaffinmu sanin inda duniya ta dosa.

A lokacin Nima ba ta cikin lissafin kowa. Babu famfo a ɓangarenmu. Matata takan fita da garwa da sassafe, ta tsallaka gota a kan katako biyu, ta bi layi a famfon da ke can wajen Legas Tawun, ta dawo wuyanta a ƙage. In aka yi ruwa mai ƙarfi gotar ta cika ta tafi da katakon, sai mu koma alwala da abin da aka tara a bakin kwano. Wannan garwar ce ta kai ni siyasa, ba karatun jarida ba.

Jam'iyyar da na shiga ita ce ta samari da leburori da matan kasuwa. Tana cewa Turawa su tattara su tafi, ɗan talaka ya shiga makaranta, mace da namiji, asibiti ya zo kusa da mutane. Duk na yarda da wannan, har gobe ma na yarda. Amma abin da ya fi kama zuciyata shi ne da aka ce a wannan jam'iyya mu 'yan reshe ne za mu zaɓi wanda zai tsaya mana, ba sarkin Zongo zai nuna da yatsa a ce an gama ba. Na ɗinka tutoci kyauta har idona ya fara yaji.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, dillalin goro ne, mutum mai jinkirin magana da saurin fushi. Shi da abokan sahunsa na masallaci suna bayan wata jam'iyyar dabam, wadda sarakunan Zongo da manyan malamai suke goyon baya. Na yi wata da watanni ina yi masa naci. In ya zo shan inuwa a bencina sai in fara: a can an taɓa tambayarku wa kuke so? A nan ku za ku zaɓa, da ƙafarku za ku tsaya bayan mutum. Ranar da ya gaji da ni ya ce to, ya ji, zai zo, amma in abin ya zama wasan yara ni zai kama. Bai zo shi kaɗai ba, sai da ya jawo kusan duk tsofaffin masallacinmu.

A Zongo ba a gama magana sai an shafa Fatiha. Aure ne, sayen gida ne, sulhu ne tsakanin maƙwabta, in ba a ɗaga hannu an shafa ba to ana nan ana hira ne kawai. Ranar da aka raba wa tsofaffin katin jam'iyya suka jujjuya shi suka ce wannan ai takarda ce, a yi abin da zai ɗaure mutum. Sakataren reshenmu, wani matashi akawu mai yawan dariya, ya ɗan yi murmushi ya ce a yi. Limaminmu ya ɗaga hannu, muka yi alkawari cewa ranar zaɓe ba za mu sa takardarmu a wani akwati ba sai na jam'iyya. Aka shafa, aka raba goro. Fatiha ta farko ke nan.

Zaɓen fid da gwani an yi shi ran wata Lahadi a filin makaranta. Masu nema uku suka tsaya a gaba, aka ce kowa ya je ya tsaya bayan wanda yake so. Ɗaya daga cikinsu malamin firamare ne a Mamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, kowa Tica yake ce masa, siriri, kwat ɗinsa ɗaya ce kuma ni nake yi mata faci. Shi ne yake rubuta mana takardun neman famfo zuwa hukumar gari ba ya karɓar ko sisi, ya bi gida gida yana karɓar dangwalen yatsa. Layin da ya tsaya bayansa sai da ya fita ƙofar makarantar ya lanƙwasa. Kawu yana ciki da babbar rigarsa, gumi na zuba, yana ta waiwaye yana dariya kamar wanda aka ba sarauta. Da aka ce Tica ne, murna ta sa tsofaffi suka ce a shafa. Liman ya sake ɗaga hannu, muka yi alkawari muna tare da Tica har ya shiga majalisa. Babu wanda ya yi tunanin Fatihar nan ta biyu ta bambanta da ta farko, don a ranar jam'iyya da Tica abu ɗaya ne.

Bayan kamar mako biyu Sakatare ya dawo daga hedkwata da naɗin fasta a hammata, ya ajiye a kan teburin yankana ya ce in taimaka a liƙa. Na warware. Fuskar da ke kai ba ta Tica ba ce, ta wani lauya ce daga cikin gari, mai tabarau, wanda ban taɓa gani ba. Na zaci kuskuren maɗaba'a ne. Sakatare ya ce ba kuskure, manya a sama sun zauna sun duba, sun ga lauya ya fi dacewa da majalisa, abin da muka yi a filin makaranta shawara ce muka bayar.

Na ce, "To in shawara ce, me ya sa kuka shanya tsofaffi a rana?"

Ya daina dariya. Ya ce in yi hankali. Turawa ido suka zuba su ga mun rabu su ce ba mu isa riƙe ƙasa ba, kujera ɗaya in ta kuɓuce mulkin kai zai iya ja da baya, kuma wanda ya raba kan jam'iyya a irin wannan lokaci ya yi wa maƙiya aiki ko ya sani ko bai sani ba. Matsalata ita ce na yarda da shi. Raina a ɓace yake ƙwarai, kuma na ga gaskiya a maganarsa, duka biyun a lokaci ɗaya. Na liƙa fastar da hannuna ina zagin mai hoton a zuci.

Lauyan ya zo mana sau ɗaya. Motarsa ba ta iya shiga lungu ba, sai ya tsaya a bakin babban titi ya yi jawabi da Turanci ana fassarawa, hankici a hanci saboda iskar gota. Bai faɗi abin banza ba, in za a yi adalci. Ya yi maganar masana'antu da wutar lantarki da tashar jiragen ruwa. Famfo ne dai bai ambata ba.

Tica ya ajiye aikin koyarwa ya ce zai tsaya da ƙafarsa, tunda mutane sun zaɓe shi ido na ganin ido. Nan take jam'iyya ta kore shi. Da aka zo raba alamomi ga masu zaman kansu sai aka ba shi kifi. Muna neman ruwa aka ba mu kifi, har shi kansa sai da ya yi dariya.

Daga nan bencina ya daina hucewa. Da ma ni ne mai koya wa mutane yadda ake zaɓe. Nakan jera gwangwanayen madara a kan tebur, in ba mutum ƙyalle ya zama takarda. A zaɓen lokacin ba a rubuta komai a takardar. Za a shafa maka tawada a yatsa, a miƙa maka ita, ka shiga bayan labule kai kaɗai, ka tarar da akwatuna a jere kowanne da alamar mai shi, ka jefa a wanda kake so ka fito. Abu mai sauƙi, na koya wa makaho ma. Yanzu sai ga mutanen nan sun dawo da tambayar da ba ta cikin gwangwani: akwati biyu, Fatiha biyu, takarda ɗaya, yaya za a yi?

Aka je wajen malamai. Wani ya ce ta farko ce ke da ƙarfi tunda ita ta riga. Wani ya ce ta baya ta shafe ta farko. Wani kuma ya ce kowacce mutum ya karya ya yi azumin kaffara ya huta, amma tsofaffinmu ba kaffara suke tsoro ba, tsoronsu a ce mutum ya shafa Fatiha a gaban jama'a ya juya mata baya. Kawu ya zo ya zauna bai ko amsa gaisuwata da kyau ba.

Ya ce, "Muna zaune lafiya inda muke, kai ka fito da mu. Yanzu ka sa ni tsakanin rantsuwa biyu da furfura a kaina. Ka nemo mini hanya, ni ban gane komai ba koraa, ko kaɗan."

Ni ma ban gane ba. Da safe nakan tashi ina bayan Tica, don shi muka zaɓa kuma shi ya san nauyin garwa. Kafin azahar in na tuna mulkin kai sai in koma bayan jam'iyya. Da la'asar in ji haushin kaina, in ɗinka hannun riga a baibai.

Ana saura 'yan kwanaki wasu mata biyu suka kawo mini turmin atamfa ɗaya da suka haɗa kuɗi suka saya, kowacce tana son riga. Na ninke shi baki da baki, na sa almakashi, kowacce ta ɗauki nata suka fita suna godiya. Ina riƙe da almakashin abin ya faɗo mini. Takardar nan ba a rubutu a kanta, jefawa kawai ake yi, kuma bayan labule babu mai ganinka. Me zai hana a raba ta biyu, rabi a akwatin jam'iyya, rabi a na kifi? Na yi lissafina: ko dai a ba kowa rabin ƙuri'a, ko masu ƙirga su ɗauki kowane yanki a matsayin ɗaya. Ko ta wane hali ka sa takarda a akwatin jam'iyya, ka kuma tsaya wa Tica. Babu Fatihar da ta faɗi ƙasa.

Da na tambayi wanda ya sani da an tsayar da ni. Amma wa zan tambaya? In na je wa Sakatare zai kai sunana sama a ce ina da ƙafa biyu. In na je wa Tica zai gane cewa ni da nake yi wa kwat ɗinsa faci ina shakka a kansa, kunyar wannan ta fi ƙarfina. Sai na kira Kawu gefe na raɗa masa, na ce ya bar shi tsakaninmu. Fuskarsa ta washe, ya sa mini albarka, ya ce ashe kaina yana ja. Kafin Juma'a maganar ta zaga masallatan Nima ta haura Mamobi, ta dawo mini a bencina da rawani. Wani ya rantse mini cewa fatawa ce ta wani babban malami a Kumasi. Na sunkuyar da kai ina taka keke, ina jin daɗi a raina.

Ranar zaɓe na sa farar riga. Aka shafa mini tawada, aka miƙo takarda, na shiga bayan labule. Ban yi garaje ba. Na ninke ta daidai, na murza da farce don kada wani ɓangare ya fi wani, na raba a hankali yadda ba za a ji ƙara a waje ba. Na yi bisimilla na jefa nan, na jefa can. Na fito jikina sakayau, rabon da in ji haka tun ranar da na warware fastar nan.

Da yamma na tambayi matata ko ta yi yadda ake faɗa, don na san maganar ta kai wajen mata. Tana tankaɗen gari, ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, "Ni ba wanda ya kira ni wajen Fatiha, Malam. Ku maza kuka shafa abinku. Ni ke zuwa paipu ɗibar ruwa. Takarda na duka na sa wa kifi."

Na ce mata ba ta san siyasa ba, ta ce ta ji.

Washegari da hantsi Sakatare ya shigo shago yana dariyar da har sai da ya dafa ƙofa. Ya ce lauya ya ci, amma da ƙyar. Ya ce da aka zazzage akwatunan ɓangarenmu sai ga yankakkun takardu kamar an share ƙarƙashin teburin tela, masu ƙirga suka rasa gane abin, aka tattara su a daro aka ajiye gefe, don takardar da aka yaga ba ta shiga lissafi ko ta wa ce. Ya share hawayen dariya ya ce da mutanen nan sun sa su a cike cikin kifi da yau shi yana neman aiki, Allah Ya saka wa malamin Kumasi da alheri.

Na ce amin. Da bakina na ce amin, ƙafata tana kan keke ta kasa takawa.

Kawu bai tona ni ba. Bai kuma yi mini faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya dai daina zama a bencina, rigunansa na salla kuma ya koma kai wa wani tela a Mamobi wanda ko wuya bai iya fitarwa ba. Mutane suka yi ta tsine wa malamin da babu shi, ni ina tayawa da girgiza kai.

Mulkin kai ya zo, na yi rawa a titi har takalmina ya tsinke, kuma ba rawar ƙarya na yi ba. Aka buɗe makarantu, 'yata ta shiga, ta dawo tana karanta mini allon shaguna. Wannan jam'iyyata ce ta yi, ba zan ci amanar gaskiya ba. An kuma kafa famfo a bakin babban titi inda manyan baƙi ke wucewa, ɓangarenmu dai shiru. Da aka zo zaɓen shugaban ƙasa ba wanda ya tara mu a filin makaranta ya ce ku tsaya bayan wane. Suna ya sauko daga sama, aka kawo fasta, na liƙa, na je na jefa takardata a cike. Daga baya aka tambaye mu ko mun yarda jam'iyya ta zama ɗaya tilo a ƙasa, na je na ce na yarda, ina fitowa na rasa ko me na yarda da shi. Mutane suka koma yin magana ƙasa-ƙasa. Wani ya yi ƙorafi a bainar jama'a a neme shi a rasa, wani tsoho da ya shekara talatin a Zongo a ce masa baƙo ne ya koma inda ya fito. Ni kuwa ina nan ina ɗinka tuta. In ka tambaye ni biyayya ce ko tsoro ko wauta, wallahi ba zan iya rarrabe maka ba.

Sai shekarar da aka ce za a yi zaɓen majalisa, muka shirya, kawai rediyo ya karanto sunaye ya ce waɗannan duk sun ci ba hamayya, ba sai kowa ya fita ba. Sunan lauyanmu yana ciki. Na zauna ina kallon babban yatsana. A ranar na rufe shago na kama hanyar da na yi shekaru ina kauce mata.

Tica bai koma aji ba tun da jam'iyya ta kore shi, ba makarantar da ta yarda ta ɗauke shi. Yana zaune ƙarƙashin bishiya a gaban gidan waya da ɗan tebur da kwalbar tawada, yana rubuta wa mutane wasiƙa. Ya tsufa fiye da shekarunsa, kwat ɗin tana nan, facin da ke gwiwar hannu nawa ne. Ya tashi ya ba ni kujerar masu kawo wasiƙa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ban bari ya gama ba, don na san in ya gama zan tashi in tafi da abina. Na gaya masa babu wani malamin Kumasi. Na ba shi labarin atamfa da almakashi da raɗar da na yi wa Kawu. Na ce ni na kayar da shi, ni na raba shi da aikinsa, ya yi mini duk abin da ya ga dama.

Ya daɗe yana goge bakin alƙalaminsa da tsumma. Sannan ya ce tun a makon da maganar ta zaga, kafin zaɓe, ya san ni ne, don babu malamin da zai yi tunanin ninkewa da yankawa, wannan kan tela ne.

Na ce, "Ka sani, Tica, ba ka ce komai ba? Ai da ka hau mumbari ka faɗa musu ba a ƙirga yagaggiyar takarda."

Ya ce ya so ya faɗa. Amma in ya faɗa, ya tilasta wa tsofaffi ke nan su zaɓi Fatihar da za su karya, shi kuma bai da tabbacin wadda za su zaɓa, bai kuma so ya sani ba. Ya kalli titi, ya kira ni Masa, wato maigida a bakin mutanen Ankara.

"Masa tela, kai ba ka san ba a ƙirgawa ba. Ni na sani sarai. Na shiga bayan labulen nan, ga kifi na, ga akwatin da na yi shekaru ina bi gida gida dominsa. Ni ma ina wurin Fatiha ta farko, ka manta? Hannu na ya ƙi." Ya ajiye alƙalamin. "Ni ma na yaga tawa."

Na zauna ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Na zo a yafe mini ko a zage ni, an hana ni duka biyun. Wata mata ta iso da wasiƙar da take so a rubuta wa ɗanta, dole na tashi na ba ta kujera. Ina juyawa ya tambaye ni ko an kawo famfo ɓangarenmu, na ce ba a kawo ba.

Da na iso gida na tarar da matata ta tsallako gota, tana durƙushe a ƙofar ɗaki tana ƙoƙarin sauke garwa. Na kama mata muka sauke tare, ruwan ya fantsama mini a riga. Ta dube ni da mamaki, ta tambayi ina na je na rufe shago da rana tsaka. Na ce cikin gari. Ban gaya mata abin da Tica ya ce ba, ban kuma taɓa gaya mata ba har ta bar duniya. A cikin mu ukun, ni da ita da Tica kansa, ita kaɗai ce ta zaɓe shi, kuma ita ce har ranar take ɗauko ruwan.